Banɗakin da Aka Ce Yana Kallon Gabas

Shekarar da na fara koyarwa, an tura ni wata firamare a wani ƙauye da ke arewa da Daura. A gidanmu nake kwana cikin gari, kullum da safe in hau babur in bi kwalta, sannan in ratse cikin rairayi har makaranta. Ni kaɗai ne mai digiri a cikin malaman. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, amma an riƙa tuna mini duk lokacin da wani aiki ya taso wanda ba mai so. Haka aka ba ni aji shida, aka kuma ƙara mini da zama malamin tsafta. Aikin malamin tsafta, iya abin da na fahimta a lokacin, shi ne duba farce ranar Litinin da sa yara su tsince ledojin da iska ta kwaso.

Makarantar tana da banɗaki. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin duk wanda na fara ba labarin nan sai ya ɗauka babu ne. Akwai shi, sabo fil. Wata ƙungiya ce ta gina kafin zuwana: fenti shuɗi, ƙofofin ƙarfe huɗu, biyu na maza biyu na mata, ga baƙin tanki a sama, ga wurin wanke hannu da aka zana tafuka biyu cikin kumfa. Ya fi kowane aji kyau. Ajina rufinsa yana yoyo, allon ya tsage gida biyu, amma banɗakin nan ko ƙwarzane babu. Kowace ƙofa da kwaɗo a jikinta.

A makon farko na tambayi hedimasta dalili. Dattijo ne mai fara'a, saura kaɗan ya yi ritaya, kuma babu abin da yake tsoro a duniya kamar a ce ofis na nemansa. Ya ɗaga yatsu biyu.

"Na ɗaya, ba a ƙaddamar ba. Na biyu, gabas yake kallo."

Na biyun bai buƙaci bayani ba. Duk wanda ya tashi a gidan Musulmi ya san ba a fuskantar alƙibla, ba a kuma ba ta baya, in ana biyan buƙata. Na duba, ƙofofin kuwa duk gabas suke kallo, ga rana tana dukan su da hantsi. Hedimasta ya ce liman ma ya yi magana a kai. Na ce to, Allah ya kyauta, na koma aji. Sabon zuwa ne ni, ban ga ya dace in fara da jayayya ba.

Yara maza ba su da wata damuwa, bayan katanga ya ishe su, ko da yake mu da tagogin ajinmu ke wannan ɓangaren mun san kuɗar da muke sha in rana ta take. Mata kuwa gero ne ya rufa musu asiri. Na zo da damina, gonaki sun kewaye makarantar, gero ya fi mutum tsawo. Yarinya ta ɗauki izini ta shige, ba mai ganin ta. Ruwa kuma randa ɗaya ce a gaban ofis da moɗa ɗaya, ɗan garuwa yana cika ta in an tuna da shi. Da ita ake sha, da ita malamai ke alwala, kafin a fita tara ta kai ƙasa.

Na daɗe ban lura ba cewa 'yan matan ajina ba sa zuwa wajen randar. Malama ce ta faɗa mini, ita ce mace ɗaya tilo a cikinmu, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Kai Malam, idonka na kan farce. Ka taɓa ganin babbar yarinya ta sha ruwa a nan? Tun asuba suke ƙin sha, don kada ya kama su."

Na tambaye ta, cikin jin nauyi, ita fa yaya take yi. Ta ce akwai wani gida a bakin makaranta, can take zuwa gaisuwa. "Na gaida matar nan har ta gaji da ni. Yanzu in na yi sallama, buta kawai take miƙo mini."

Daga nan na fara ganin abin da nake kallo ba na gani. In an fita tara, masu gida kusa sukan tafi gida, rabinsu ba sa dawowa. Waɗanda suka rage kuwa, zuwa sha biyu leɓɓansu sun bushe, suna ta mutsu-mutsu a kan benci, ina tambayar su rabin kwata nawa ne suna kallon ƙofa. Ban ce wannan kaɗai ne ya hana su karatu ba, akwai dalilai da yawa. Amma ina jin yana daga ciki.

Sai aka yi girbi. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka kwashe kara don danni da abincin dabbobi. Cikin 'yan kwanaki fili ya buɗe tun daga katangarmu har bakin hanyar da masu babura ke bi zuwa kan iyaka. Abin da ya rage a tsaye kuka ce guda ɗaya. 'Yan mata suka koma fita uku-uku: ɗaya ta tsuguna a gindin kukar, biyu su ware hijabansu su kare ta.

A ajina akwai wata yarinya da ta fi kowa ƙoƙari, maza da mata. Ba mai surutu ba ce, amma in na yi kuskure a allo sai in ga ta ajiye biro tana jira in gano da kaina. Ita nake sa ran za ta fitar da mu kunya a jarrabawar shiga sakandare. Gidansu yana can ƙarshen gari, ba ta isa ta je ta dawo a lokacin tara ba. Babanta wani Alhaji ne mai fataucin shanu.

Wata safiya muna tsakiyar lissafi, sai ga babur ya shigo har gaban ofis bai rage gudu ba. Dogon mutum ya sauko, da sandar shanu ɗaure a bayan babur ɗin. Alhajin ne. Daga baya na ji cewa taubashin hedimasta ne, uwarsa ƙanwar uban hedimasta ce, don haka tun suna yara babu maganar arziki tsakaninsu.

"Ina bawan nan nawa? Fito, ɓarawon alli!"

Hedimasta ya leƙo yana dariya. "Wa ya kwance bijimin nan? Ku tare shi kafin ya shiga gonar mutane."

Amma Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce jiya yana dawowa daga kasuwar Mai'adua, ya goyo wani abokin cinikinsa, sai suka hango 'yan mata a gindin kuka sun ware hijabai kamar masu shanya. Wanda ya goyo ya ce, Alhaji, waccan ba taka ba ce?

"Ni na sayo hijabin nan da hannuna," in ji shi. "A bakin hanya! Duk wani ɗan iskan da ya ɗauko jarkar fetur yana wucewa yana rage gudu. Wannan ce bokon?"

Hedimasta ya waiwaya, idonsa ya faɗa kaina ina tsaye a ƙofar aji. "Yauwa, ga malamin tsafta. Mai digiri ne, shi zai yi maka bayani."

Ban san me na faɗa ba. Na tuna dai na ambaci tsari, na ambaci hukuma, na ce ana kan duba lamarin. Alhaji ya bari na kai aya, sannan ya nuna ginin shuɗin da sandarsa.

"Malam, wancan ɗaki ne ko hoto?"

"Ɗaki ne, Alhaji, sai dai akwai 'yan matsaloli da wataƙila..."

"To ji nan. Zan kai shanu Kudu. In na dawo na tarar da kwaɗo a jikin ƙofar can, ta gama boko. Kafin nan ma tana gida."

Ya kira 'yarsa daga ƙofa. Ta tattara littattafanta, ta wuce ta gabana kanta a ƙasa, ta hau bayan babur. Na so in ce ya yi gaggawa, amma na rasa ta inda zan kama. Da 'yata ce, ban san abin da zan yi ba. Jarrabawa kuma tana matsowa, wanda bai zauna ya rubuta ba sai wata shekara, wata shekarar kuwa ga yarinya mace a ƙauye ba abin dogaro ba ce.

Na yanke shawarar in bi abin daga tushe. Bayan la'asar na je wurin liman. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa, tsoho mai sanyin murya. Na gaishe shi, na daɗe ina gaisuwa, sannan na kawo maganar a hankali.

"Ni ban ce haramun ba ne," in ji shi. "An zo nan an ce mini an gina masai yana kallon gabas. Na ce, in haka ne, bai kyautu ba. In haka ne na ce. Amma mutanen garin nan, in ka ba su magana da riga, sai su tuɓe rigar su tafi da ita tsirara."

Ya ƙara da cewa malamai ma sun yi sauƙi in a cikin gini ne, a fili ne abin ya fi tsanani. Na ji zuciyata ta yi fari. Na ce, Allah gafarta Malam, ko zai yiwu a faɗi hakan a masallaci? Ya dube ni kamar na ce ya hau bishiya.

"Ɗana, ka san yaron nan da ya dawo daga karatu, mai wa'azi a masallacin bakin kasuwa? Jira yake in yi tuntuɓe. In na ce ya halatta, kafin magariba zai hau lasifika ya ce tsoho ya sayar da alƙibla."

Na ce to ko zai zo ya gani da idonsa.

"Ni? Da rawanin nan, in tsaya ina leƙen masai yara suna kallo? Haba. A kira magini ya fasa matakan ƙafar ya juya su kudu da arewa, kowa ya huta. Ungo gyaɗa."

Shawarar ta yi mini daidai. Washegari na kai wa hedimasta. Ya riƙe baki.

"A fasa? Ginin da ba a ƙaddamar ba? Malam, shekaruna nawa ina aikin nan ba tabo, sai yanzu da na ga bakin gaɓa za ka kifar da ni?"

Na ce to ko a buɗe mu duba yadda aikin zai kasance. Ya ce makulli yana ofis.

Na nemi izini na tafi ofishin da ke kula da mu. Jami'in da na samu mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan leda mai sanyi, ya yaba da kishina. Sannan ya yi mini bayani. Ba a taɓa gini, ba a kuma amfani da shi, sai an ƙaddamar. Ba a ƙaddamarwa sai waɗanda suka gina sun zo. Su kuma sun ce ba za su sa ranar zuwa ba sai an tura musu hotunan da ke nuna yara suna amfani da wurin.

Na ce, Yallaɓai, bari in maimaita ko ban fahimta ba. Ba za a buɗe ba sai sun zo, ba za su zo ba sai an buɗe.

"Ka gane ke nan," in ji shi, da jin daɗi, kamar malamin da ɗalibinsa ya ba da amsa daidai.

Na tambayi makulli. Ya ce ai yana wurin hedimastanku.

A kan babur ina dawowa na riƙa shirya maganar da zan faɗa, mai zafi, mai tsari. Da na iso abin da ya fito daga bakina shi ne, Yallaɓai, wataƙila mantawa suka yi, amma sun ce kamar makullin yana nan. Hedimasta ya ce, "Su suka ce. To." Ya tambaye ni ko na ga yadda farashin wake ya faɗi.

Akwai ranar da na tsaya gaban ginin da wayata, na buɗe abin nan mai nuna alƙibla, ko Allah zai sa ginin ya ɗan karkace. Kibiyar ta riƙa rawa, ina jin ƙarfen ƙofofin ne ya ruɗa ta. Kafin in ankara yara sun kewaye ni, wani yana cewa Malam sabis yake nema. A saman kowace ƙofa akwai 'yar tagar iska, kuma ga bulo a yashe kusa. Na yi tunanin in taka in leƙa. Sai na hango kaina: malami saurayi, ba aure, a kan bulo, yana leƙen banɗakin 'yan mata. Labarin zai riga ni isa Daura. Na mayar da wayar aljihu.

Malama tana kallona daga inuwa. "Kai dai ka cika nazari. Ni da ina da tsawonka, da tuni an wuce wurin."

Ita ce take kai wa yarinyar aikin gida, tunda ni ba ni da hanyar shiga gidan. Takan dawo da littafin an cika shi tsaf, ba kuskure sai a abin da ba a koya mata ba. Ta ce duk zuwan da ta yi, kafin ta zauna yarinyar take tambaya, "Malama, an buɗe?" Kullum in na shiga aji sai idona ya je wurin zamanta. Wasu biyu daga cikin 'yan matan ma suka daina zuwa, su ba wanda ya zo ya yi faɗa a kansu, kawai dai aka daina ganin su.

Alhaji ya dawo ana cikin tara. Ya kashe babur, ya tsaya yana kallon kwaɗunan nan huɗu, yara sun yi cirko-cirko. Hedimasta ya fito yana gyara hula, ya sake tura ni gaba. Na yi bayani dalla-dalla: abin da liman ya ce, abin da bai ce ba, abin da ofis ya ce, da yadda kowane ɓangare yake da nasa uzurin. Ga mamakina bai katse ni ba.

"Na ji," in ji shi. "To a cikinku wa ya shiga?"

Ni da hedimasta muka dubi juna.

"Ramin nake tambaya. Wa ya gan shi da idonsa? Kai, bawa?"

Hedimasta ya ce da dogon hutu aka yi ginin, shi ya dawo ya tarar an gama an kulle. Wani dattijo ne da ke wucewa ya ga ƙofofi, ya kai magana majalisa.

"La'ilaha illallahu. Ni ko akuya ba na taya ta sai na buɗe bakinta na ga haƙora. Ku kun shekara kuna cinikin biri a sama! Kawo makulli."

"Yana ofis."

"Ƙarya kake."

Kafin mu ankara ya cafki wuyan rigar hedimasta da hannu ɗaya, ya zura ɗayan cikin aljihunsa. Hedimasta yana fizge-fizge, hula ta faɗi, yana zagi yana dariya a lokaci guda. "Sake ni, mai warin garke! A gaban yara? Allah ya isa tsakanina da kai!" Yara suka fashe da ihu. Duk garin babu mai iya yin wannan sai shi. Da ni na gwada, ranar zan bar aiki. Da wani uban ne, sai an je gaban mai gari. Amma taubashi ne, ba a kai ƙarar taubashi.

Makullan suna nan a ɗaure tare da na babur ɗin hedimasta, sababbi, ko dusashewa ba su yi ba. Alhaji ya nufi ƙofar mata ta farko. Kwaɗon ya ɗan yi gardama, sannan ya buɗe. Warin siminti da fenti ya fito, ƙadangare ya ruga ta tsakanin ƙafafunmu. Ga saƙar gizo, ga gidan zanzaro a kusurwa. A ƙasa kuma ga rami da matakan ƙafa biyu, a gicciye. Wanda ya tsuguna, kafaɗarsa ce za ta kalli ƙofa.

Alhaji ya tattare rigarsa ya hau matakan ya tsaya.

"Malam mai digiri, ina nake kallo?"

"Ina jin arewa ne, Alhaji."

"Kana ji?"

"Arewa ne."

"To tun yaushe alƙibla ta koma Damagaram?"

Ya buɗe ta biyu, haka. Ya buɗe na maza, haka. Wanda ya yi ginin, ko wane ne, ya yi shi yadda ake yi a kowane gida.

Mutane suna dariya, Malama har da riƙe ciki. Ni ban iya ba. Kunnuwana suka yi zafi. Ina tunanin leɓɓan yaran nan, da tafiyata ofis, da gyaɗar liman, da kibiyar wayata, duk a kan abin da ke bayan ƙofa guda, makullinta yana kaɗawa a aljihun mutumin da nake gaisarwa kowace safiya. Na so in yi wa wani tsawa, na rasa wanda zan fara da shi, don layin yana da tsawo kuma ban tabbata ba ni ba na ciki.

Hedimasta ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Ya ce to, an ji, magana ta biyu ta faɗi, amma ta ɗaya tana nan: ba a ƙaddamar ba. Nan aka shiga ciniki kamar a kasuwar shanu. Alhaji ya ce huɗu, hedimasta ya ce ko ɗaya. Alhaji ya ce to na mata biyu, hedimasta ya ce albarka. A ƙarshe aka tsaya a kan ƙofa ɗaya, ita ma aro: in aka ji baƙi na tafe, a wanke a mayar da kwaɗo kamar ba a taɓa ba. Alhaji ya ce ya yarda, ya jefa kwaɗon a aljihunsa.

"In sun zo ka ce taubashinka ya sace."

Na ga fuskar hedimasta ta saki. Ina jin abin da yake nema ke nan tun farko, wanda zai nuna in an tambaya.

Sai Malama ta murɗa famfon wurin wanke hannu. Ko ɗigo. Tankin nan ba a taɓa haɗa shi da komai ba, an ce ruwa sai kashi na biyu na aikin. Alhaji ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce ashe hula aka sa wa ginin. Ya ce zai sa ɗan garuwa ya riƙa kawo jarka biyu kowace safiya, saura kuma iyayen wasu su ji kunya su yi nasu.

Washegari 'yar Alhaji ta dawo, da buta a hannu. Ta zauna a wurinta, ta buɗe littafi, ta nuna mini inda aka tsaya kamar jiya ta bar ajin.

Kada in sa a ɗauka komai ya gyaru. Ƙofa ɗaya ce ga dukan 'yan matan makaranta, in an fita tara layi har bakin ajin 'yan ɗaya, a koma aji wasu ba su samu shiga ba. Jarka biyu ba ta kai sha ɗaya. Sabulu sai ranar da na tuna na sayo daga gari, shi ma yakan yi ƙafa. Zuwa Alhamis wurin ba ya shiguwa, ni da tsintsiya da bokiti muke wanke shi bayan an tashi, a nan ne na san ainihin aikin malamin tsafta. Maza suna nan a bayan katanga, ƙofofinsu biyu a kulle suna jiran baƙi. Da aka kai wa liman labari, ya ce ai shi ma abin da ya faɗa ke nan. 'Yan matan nan biyu da suka daina zuwa, na je wurin iyayensu. Ɗaya ya ce zai duba, ɗayan ya ce ta riga ta fara tallar awara kuma cinikin yana tafiya. Ba su dawo ba. Har na bar makarantar ban ga ranar ƙaddamarwa ba.

'Yar Alhaji kuwa ta cike abin da ya wuce ta cikin ɗan lokaci. Ranar jarrabawa babanta da kansa ya goyo ta zuwa Daura, ya zauna a gindin dalbejiya a waje har aka fito. Da sakamako ya zo, ta samu makarantar kwana ta 'yan mata.

Na haɗu da Alhaji a tasha bayan haka, yana ɗaure buhun dusa a babur. Na yi masa murna. Ya amsa, sannan ya ɗaure fuska.

"Malam, a can fa? Nasu a buɗe yake? Akwai ruwa?"

Na ce ina kyautata zaton akwai, tunda babbar makaranta ce, ko da yake ban taɓa shiga ba, amma ina da wani abokin karatu da wataƙila ya san wani a can, zan tambaya in ji.

"A'a, a'a, zauna abinka. Kai in ka tafi tambaya sai ta yi jika." Ya buga babur ɗin ya tashi. "Gobe zan je da kaina."

Na so in tuna masa cewa shugabar can ba taubashiyarsa ba ce, kada ya sa hannu a jakar mutane. Kafin in gama tsara yadda zan faɗa ba tare da ya ji haushi ba, ya kai bakin titi. An ce ya je ɗin. Ban san yadda suka kwashe ba, amma da hutu ya ƙare ta tafi tare da 'yan ajinsu, da akwatinta da bokitinta.